Iskar Ƙwallon Koci Arzika

Ni ba mawaƙi ba na, Koci Arzika,
mai faci na, bakin ƙofar kwaleji,
ƙarƙashin dogon yaro, kusa ga mai shayi.
Amma duk ƙwallon da yaranka sunka buga shekara tara
iskar famfona ta cikinta,
don haka ina da bakin magana.

Ranar da kaz zo, turo babur kakai tun daga Farfaru,
tayar baya ta kwanta, gumi har ga takalmi.
Nic ce, Malam, ina zuwa cikin wagga rana?
Kac ce, an ba ni yaran ƙwallo.
Nid dube ka, nij ji tausai.
Yaran da anka yi ma bakwai da nema makon jiya,
har mai tsaron gida yak koma kallo awa mu.

Filin kuwa tsidau na da tsakuwa,
awaki na kiwo bakin raga,
ragar ma ina take, sanda biyu da igiyar shanya.
Ba ka fara da ƙwallo ba.
Kwana goma sha biyu kuna duƙe da tsintsiya da buhu,
masu wucewa na dariya,
wai kwaleji ta buɗe sashen shara.

Bayan asuba usurinka ka tada unguwa.
Kafin rana ta hau ta fara gasa Sakkwato
sun zagaye fili sau goma sha biyar.
Azumi bai hana ba, sai a koma bayan asham
ga hasken fitilun mota biyu na aro.

Ragon layya da kas sayar kas sawo takalma,
wa yas sani?
Ni na sani, ni nir raka ka kara,
nir riƙe igiya kuna ciniki.

Ban manta shekarar Cika ba,
yaron da ƙafatai ta hagu ka magana.
Yaf faɗi jarrabawa, kaz zaunar da shi benci
ranar da munka fi bukatarshi.
Na zage ka, Koci, Allah shi gafarta mini,
na ce taurin kai na.
Anka ci mu biyu da ɗaya, nik kwana ban ci tuwo ba.
Yau Cika na koyar da lissafi Bodinga,
in ya shigo gari sai ya tsaya rumfata,
shi tambayi Malam kafin shi tambayi gida.

Sai ranar kofin farko, filin Giginya.
Nik kife bahon faci tun hantsi.
Ɗaya da ɗaya har lokaci yac cika,
anka tafi bugun daga kai sai mai tsaron gida.
Modi yaf faɗi dama, ƙwallo tad daki tafinai,
hulata tat tashi sama, har yau ban gan ta ba.
Nin neme ka cikin masu tsalle, babu kai.
Kana can gefen raga
riƙe da kan yaron mutane da yaɓ ɓarar,
kana yi mai magana ga kunne.
Ban san abin da kac ce mai ba,
na dai ga ya tashi da ƙafafunai.

Yanzu kofi uku na ofishin shugaba,
ciyawa ta fito inda tsidau yake,
kai kuwa babur ɗinka na nan yadda nis san shi.

Na ji ƙishin-ƙishin wurin mai shayi,
wai wata ƙungiya daga kudu na nemanka
da mota da gida.
Arziki na Allah na, ba ni yi maka baƙin ciki.
Amma faci goma sha ɗaya na ga tayar nan ta baya,
duk aikin hannuna.
In ta sace ranar tafiya, kada ka turo ta nan,
ce maka za ni yi gam ya ƙare.

Aiko da ƙwallaye dai gobe da asuba.
Iska kyauta ta, awa kullum.